Masu Ba Gwamnati Shawara da Kwandon Tumatir na Kadawa

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya tsakanin Janairu da Maris, da zarar ya wuce Kura ya shiga ƙasar Garun Malam, idonsa zai gaya masa kakar tumatir ta kama. A Kwanar Gafan kwanduna ne jere reras a gefen titi, an rufe bakin kowanne da takarda ko ciyawa an ɗaure da igiya. 'Yan dako na kai da komo, dillalai na ta ciniki da waya a kunne, manyan motoci kuma na jiran lodi zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas da sauran garuruwan Kudu. Idan kaya suka yi yawa farashi ya karye, sai ka ga an koma yanka tumatir ana shanyawa a ƙasa don a yi kauɗa, fili guda ya yi jawur kamar an shimfiɗa darduma.

Ba nisa da wannan hada-hada, a Kadawa, akwai masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote. An buɗe ta a watan Maris na 2016, da injinan da za su iya markaɗa tan 1,200 na ɗanyen tumatir a kowace rana. Marigayi Alhaji Sani Ɗangote, wanda ya rasu a 2021, shi ne ya tsaya kai da fata a kan aikin. A lokacin kowa ya ce an zo wurin: ga ruwa, ga manoma, ga titi, ga kuma ƙasar da ke kashe maƙudan kuɗi wajen shigo da tumatirin gwangwani daga waje. Amma cikin 'yan watanni injinan suka tsaya. Sai a 2019 aka sake tayar da su, suka kuma tsayawa, kuma a 2021 rahotanni sun nuna abin da masana'antar ke sarrafawa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta ba.

Wannan labari ya kamata ya dami rukuni guda na mutane fiye da kowa, wato manyan 'yan kasuwa da malaman jami'a da gwamnati ke tarawa su ba ta shawara kan masana'antu da tattalin arziki.

Nijeriya ba ta taɓa rasa irin waɗannan majalisu ba. Tun 1993 ake taron ƙoli kan tattalin arzikin ƙasa duk shekara, inda 'yan kasuwa ke zama da jami'an gwamnati. A zamanin Janar Sani Abaca an kafa kwamitin hangen shekarar 2010 a ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo ya ƙaddamar da majalisar ba da shawara kan manufofin masana'antu, Alhaji Aliko Ɗangote na mataimakin shugaba daga ɓangaren 'yan kasuwa, Alhaji Abdussamad Rabi'u na cikin mambobi. Ɗangote da Abdussamad duka 'ya'yan Kano ne. A watan Satumban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa majalisar masana tattalin arziki, Dokta Doyin Salami na shugabanta, Dokta Muhammad Sagagi na mataimaki, ga su Farfesa Chukwuma Soludo a ciki. A 2024 ma Shugaba Bola Tinubu ya kafa tasa, Ɗangote da Abdussamad da Tony Elumelu duk suna ciki. Mutane ne masu ilimi da gogewa, babu mai musun haka.

Kuma a batun tumatir, abin da masu masana'antu suka daɗe suna nema an yi musu. A watan Yunin 2015 Babban Bankin Nijeriya ya saka markaɗaɗɗen tumatir cikin jerin kayayyaki 41 da ya daina ba da dala don shigo da su. A 2017 gwamnatin tarayya ta fito da manufa ta musamman kan tumatir, ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen zuwa kashi 50 cikin ɗari, ta ƙara da dala 1,500 a kan kowane tan. Shirin bashin manoma na Babban Banki, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a ƙarshen 2015, shi ma daga baya ya shafi masu noman tumatir. A takarda dai an toshe kowace kafa. To me ya hana injin Kadawa juyawa?

Abu na farko da ya faɗa mata annoba ce. A 2016 wata 'yar tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda asalinta daga Kudancin Amurka take, ta afka wa gonakin tumatir na Arewa. Manoma suka laƙaba mata suna sharon. Tana shiga cikin ganye ta cinye shi daga ciki, sai a wayi gari gona ta ƙone kamar an bi ta da wuta, kuma feshin da aka saba da shi bai cika yi mata komai ba. Ɓarnar ta kai gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayun shekarar. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, masana'anta ta rasa abin markaɗawa.

Sai dai ko babu sharon, lissafin kansa yana da wuyar fita. Tan 1,200 a rana daidai yake da mota arba'in mai ɗaukar tan talatin-talatin, kullum ta Allah. Manomin Nijeriya, a matsakaicin ƙiyasi, ba ya kai tan 10 a hekta guda, alhali takwaransa na jihar Kalifoniya a Amurka yana haura tan 100. Ko an ɗauka kowane manomin Kadawa ya sami tan 10 cif, masana'antar za ta lanƙwame amfanin hekta 120 a yini ɗaya. Idan ta yi wata uku tana aiki, ana maganar hekta sama da dubu goma. Duk filin da aka gyara a aikin noman rani na Kogin Kano, daga Garun Malam zuwa Kura da Bunkure, bai wuce kimanin hekta dubu goma sha biyar ba, kuma shinkafa da alkama da masara da albasa duk a nan suke neman wuri. Ga shi kuma ana buƙatar kimanin kilo shida na ɗanyen tumatir kafin a sami kilo ɗaya na markaɗaɗɗe mai kauri, shi ma sai idan irin mai tsoka ne, ba mai yawan ruwa ba. Wanda ke gogayya da markaɗaɗɗen da ke fitowa daga yankin Shinjiyan na ƙasar Sin, inda ake noma a manyan gonaki da injina, ba zai iya sayen ɗanyen kaya da tsada ya tsira ba.

A nan ne manomi da masana'anta suke rabuwa. Manomin da ya yi rainon iri, ya dasa, ya sayi taki da maganin feshi, wataƙila ma da bashi, yana kallon farashin Kwanar Gafan ne. Ranar da kwando ya yi daraja, dillalin Legas zai biya shi nan take, kuɗi a hannu, fiye da abin da kamfani ya yi alkawari. Wa zai ga laifinsa idan ya sayar? Ranar da kasuwa ta karye kuwa, kowa sai ya nufi ƙofar masana'anta a lokaci guda. Da damina ta sauka kuma, yawancin manoman yankin shinkafa suke komawa, domin irin tumatirin da suka saba da shi ba ya jure ruwan sama da zafi. Injin da aka saya da miliyoyin daloli sai ya kwana watanni yana jiran sanyi ya dawo. Harajin da aka ɗora a tashar jiragen ruwa ta Legas bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli ba. Shi kansa takunkumin dala, Babban Banki ya janye shi a watan Oktoban 2023, abin da ke nuna wa mai zuba jari cewa kariyar gwamnati aba ce mai iya gushewa da sauyin shugabanci.

Abin takaici shi ne yankin ya taɓa ganin irin wannan. Gwamna Audu Bako ne ya gina madatsar ruwa ta Tiga a farkon shekarun 1970, aka kammala a 1974, aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa gonakin Kadawa. Ƙwararru daga ƙasar Holan ne suka zana fasalin aikin, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi ragamarsa. Babban burin masu tsarawa a lokacin alkama ce, don a ciyar da kamfanonin fulawa a rage shigo da ita daga waje. Wata mai bincike, Tina Wallace, ta zauna da manoman yankin a ƙarshen shekarun 1970, ta rubuta yadda aka sake fasalin gonakinsu ba tare da an ji ta bakinsu sosai ba, da yadda tsadar noman rani ta sa ƙananan manoma ba da hayar filayensu ga masu hali. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka fitar da littafinsu The Wheat Trap, wato tarkon alkama, inda suka nuna cewa alkamar da ake nomawa a irin waɗannan ayyuka tana da tsadar da ba za ta iya maye gurbin ta waje ba. Duk da haka gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, sannan ta janye hanin bayan 'yan shekaru. Alkama na son sanyin hunturu, kuma idan shuka ta wuce tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, amfanin raguwa yake yi. Doka ba ta canza wannan.

Manoman kuwa suka bi abin da ya fi musu riba. Shi ya sa a yau sunan Kura ya tafi da shinkafa. Babu wata majalisa a Legas ko Abuja da ta zana cewa garin zai cika da ƙananan injinan casa, da mata masu turara shinkafa a manyan tukwane, da masu shanya a kan tamfol, da 'yan kasuwar da ke zuwa saro daga jihohi daban-daban. Masana'anta ce sukutum, mai ɗaukar dubban mutane, wadda ta tsiro daga abin da gona ke bayarwa da abin da kasuwa ke nema. Matsalolinta sanannu ne: wutar lantarki, tsakuwa a cikin shinkafa, ƙarancin jari, rashin injinan zamani na tacewa. Da an ba waɗannan rabin kulawar da ake ba manyan ayyuka, da an ga bambanci.

Wannan ba ya nufin shawarar manya ba ta da amfani. Ɗan kasuwar da ya gina masana'antar siminti ko ta sukari ya san abin da farashin gas da kuɗin ruwan banki ke yi wa mai sarrafa kaya, kuma gwamnati na buƙatar jin hakan daga bakinsa. Masanin tattalin arziki ya san illar canjin kuɗi iri biyu. Sai dai kowa yana hango abin da ke gabansa ne. Mai masana'anta zai fara tunani daga injin, malamin tattalin arziki daga alƙaluman shigo da kaya, kuma dukansu sukan ɗauka cewa ɗanyen kaya zai zo da kansa tun da Nijeriya na noma tumatir miliyoyin tan a shekara, kusan kashi 40 cikin ɗari na lalacewa kafin ya kai tukunya. Amma tumatirin da ya ruɓe a ƙasan kwandon kaba a hanyar Legas ba shi ne zai ciyar da injin Kadawa ba. Wancan maganinsa akwatunan roba ne masu ɗaukar nauyin juna, da hanya mai kyau, da wurin ajiya mai sanyi. Injin kuwa yana buƙatar iri na musamman, da dashe bi da bi don kada kaya su nuna rana ɗaya, da yarjejeniyar farashi mai motsi da kasuwa, da biyan manomi a kan lokaci.

Ilimin da ake buƙata don wannan yana nan kusa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru tana da tashar gwajin noman rani a cikin Kadawa shekaru da dama. Jami'ar Bayero ta kafa Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa a 2012. Kamfanin Ɗangote kansa, bayan ya sha wuya, ya koma ya gina gidan rainon iri a Kadawa don manoma su sami dashe mai inganci, matakin da ya kamata a ce da shi aka fara kafin a dasa injin. Shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014 da kuɗi kusan dala miliyan 500 don gyara manyan ayyukan noman rani irin su Bakolori da Kogin Kano da Kwarin Haɗeja, ya yashe magudanan da laka da kacalla suka toshe, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Shugabannin waɗannan ƙungiyoyi sun san ranar da ake sakin ruwa, sun san gonar da ke ƙarshen magudana wadda ruwa ba ya isa, sun san abin da ya sa manomi ke karya alkawari da kamfani. Malamin gona da ke yawo a kan babur tsakanin Kadawa da Ciromawa yakan ga sharon a ganye makonni kafin labarinta ya kai ofishin minista.

Irin waɗannan mutane ba kasafai ake ganin sunayensu a jerin mambobin majalisun ba da shawara ba. Kano kuwa ta riga ta ga yadda masana'antun Bompai da Sharaɗa da Calawa suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, masaƙu da majemu da kamfanonin alewa, duk da tarukan da aka sha yi a kansu. Bai kamata a bar na sarrafa amfanin gona su bi sahu ba, domin su ne ke da ɗanyen kayansu a bayan gida.

Saboda haka kira ga Gwamnatin Jihar Kano, da ƙungiyar masu masana'antu, da cibiyar 'yan kasuwa ta Kano shi ne, duk kwamitin da za a sake kafawa kan sarrafa tumatir ko shinkafa, a ware kujeru ga shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Garun Malam da Kura da Bunkure, da mata masu turara shinkafa, da dillalan Kwanar Gafan, da masu binciken tashar Kadawa. A kuma yi zaman farko a Kadawa cikin watan Fabrairu, lokacin da kwanduna ke jere a bakin titi.