Zufa, Gado da Ciwon Zuciya: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

"Gado ne, haka ya ɗauke mahaifinsa." Daga Ƙaura Namoda har Zurmi, da wuya a tashi zaman makokin magidancin da ya yanke jiki ya faɗi ba a ji wannan magana ba. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba. Ga wasu abubuwa da masana suka gano waɗanda suka sa aka daina kallon gado a matsayin hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Rubutu ɗaya, karatu daban-daban. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana ɗauke da zaren DNA wanda in an warware shi zai kai kusan mita 2, kuma a kansa akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Rubutun da ke cikin idonka shi ne a hantarka, shi ne a zuciyarka. Abin da ya raba su wasu ƙananan alamomi ne na sinadari, mafi shahara cikinsu ana ce masa metil, da ke manne wa zaren su rufe wannan wuri su buɗe wancan. Wanda ya yi makarantar allo ya san baƙi yana nan yadda yake, wasalin da aka ɗora masa ne ke sauya karatu. Ilimin waɗannan alamomi shi ake kira efijenetik. Baƙaƙen daga iyaye suke, ba ka da ta cewa. Wasullan kuwa abinci, yunwa, hayaƙi da motsa jiki duk suna taɓa su.

Sarauniyar ƙudan zuma ba ta gaji sarauta ba. Da ita da ma'aikaciyar da ke yawon furanni daga ƙwai iri ɗaya suka fito. Abincin da aka ɗura wa tsutsar ne ya raba su. Ɗaya ta yi shekaru tana zuba ƙwai, ɗaya ta mutu cikin makonni. A 2008 masana a Ostareliya suka dakatar da aikin sinadarin da ke manna metil a jikin tsutsotsi, sai akasarinsu suka fito da siffar sarauniya.

Direba da yaron mota. A 1953 wani likita mai suna Jerry Morris ya wallafa bincikensa kan ma'aikatan bas masu hawa biyu na birnin Landan, su kusan 31,000. Direba yana zaune wuni guda. Kwandasta kuwa yana hawa da sauka, matakala 500 zuwa 750 kowace rana, yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, unguwa ɗaya, amma mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya a cikin kwandastoci kusan rabin ta direbobi ce. Nan ne aka fara samun shaidar cewa zama ma cuta ne. Morris da kansa ya riƙe motsa jiki har tsufa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Direbobinmu na hanyar Ƙaura zuwa Gusau da masu tsaron shago a kasuwar Shinkafi, da ku ake.

Ƙafa ɗaya ta yi aiki, ɗaya ta huta. Wannan shi ne gwajin da ya fi burge ni. A cibiyar Karolinska ta Suwidin an sa matasa 23 motsa jiki da ƙafa ɗaya kawai, minti 45, sau huɗu a mako, har wata uku. Da aka yanko ɗan ƙaramin nama daga cinyoyin biyu aka duba, sai aka tarar alamomin sun sauya a wurare kusan 5,000 a ƙafar da ta yi aiki, ɗayar kuwa tana nan kamar da. Mutum ɗaya, jini ɗaya, tuwo ɗaya, barci ɗaya, don haka ba abin da za a jingina wa sauyin sai aikin. An wallafa shi a 2014, kuma da yawa daga wuraren da suka sauya suna da hannu a ƙona makamashi da yadda jiki ke amsa wa sinadarin insulin.

Sauyin ba ya ma jiran wata uku. Wani binciken na 2012 ya ga metil ya ragu a kan ƙwayoyin gadon da ke ƙona sukari da kitse jim kaɗan bayan mutum ya sauka daga keke, kuma gwargwadon wahalar tuƙin, gwargwadon sauyin. Kitse ma bai tsira ba: a jami'ar Lund, wata shida na motsa jiki ya taɓa alamomin ƙwayoyin gado sama da 7,000 a kitsen magidanta 23.

Tsoka tana tuna aikin da ta taɓa yi. A Ingila, a 2018, an sa samari ɗaga ƙarfe mako 7, suka huta mako 7 har naman ya koma, sannan suka sake mako 7. A zagaye na biyu tsokar ta fi cika, domin wasu alamomin zagayen farko ba su goge ba. Tsohon ɗan dambe ko ɗan kokawa da ya ajiye jiki ya yi teɓa, in ya dawo ba daga farko zai soma ba.

Hassan da Hussaini. Tagwaye masu kama ɗaya rubutunsu ɗaya ne sak. A 2005 bincike kan tagwaye 80 a Sifaniya ya nuna cewa a ƙuruciya alamominsu kusan ɗaya ne, amma a wajen shekara hamsin sun yi nisa da juna, musamman waɗanda suka yi rayuwa a rabe.

Man shanu da sandar kiwo. A 2001 aka wallafa bincike kan Fulani makiyaya a tsaunukan Jos. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga mai yake, na nono da man shanu, irin wanda likita zai hana ɗan birni. Duk da haka kitsen jininsu lafiya lau. Masu binciken sun danganta abin da yawan tafiya da rashin cika ciki. Wanda ya ari cimar makiyayi ya bar masa tafiyarsa ya ɗauko rabin da zai cuce shi.

To wanda ya gaji ciwon fa? A 2016 an bi diddigin mutum sama da 55,000 a Amurka da Turai. A cikin waɗanda gadonsu ya fi muni, masu motsa jiki, masu guje wa taba da ƙiba da kula da abinci sun rage haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 46 cikin ɗari.

Yunwa ma tana rubutu, kuma nan ne abin ya zo ƙofar gidanmu. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka datse abinci ga yammacin Holan, mutum kusan 20,000 suka mutu. Jariran da aka ɗauki cikinsu a lokacin sun girma cikin wadata, amma ciwon zuciya ya fi kama su, kuma ya fi zo musu da wuri. Bayan shekara sittin aka gwada jininsu aka ga metil ɗin da ke kan wata ƙwayar gadon girma, IGF2, bai kai na 'yan'uwansu ciki ɗaya ba. A ƙauyukan Gambiya kuma an gano alamomin jaririn da aka ɗauki cikinsa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sun bambanta da na ɗan rani. Yanzu a ɗora wannan a kan abin da ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka tarar a watan Yunin 2024, da suka auna yara sama da 97,000 a Shinkafi da Zurmi: kashi 27 cikin ɗari na fama da tamowa. Yaron da aka auna damtsensa zaren awon ya tsaya a ja, uwarsa ta rungume shi a layin asibiti tun asuba, ba yau kaɗai ake bin sa bashi ba. Ɗan bindigar da ya hana manomi zuwa gona ya taɓa zuciyar da za ta buga a 2070. Buhun abincin mai ciki maganin zuciya ne, ya kamata gwamnati ta lissafa shi haka.

Taba tana barin tabonta a jini. Akasarin alamomin suna komawa daidai cikin shekara biyar da dainawa, wasu kuwa suna nan bayan shekara 30.

Ciwon zuciyar masu jego. Ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A shekarun 1970 likitocin Zariya sun ƙiyasta mace ɗaya cikin haihuwa ɗari, suka zargi wankan jego da kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya fi karkata ga rama, talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam. Wannan ba na motsa jiki ba ne. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura, numfashi ke yi mata wuya in ta kwanta, asibiti za a kai ta a ranar.

Masana ba su gama tantance ko alamomin ne da kansu ke kare zuciya ba, ko shaida ce kawai ta aikin da jiki ya yi. Amfanin motsin kuwa an daɗe da gama gardama a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, na tafiyar da za ta sa ka ɗan haki. Kakanninmu ba su san wannan lissafi ba, gona da rijiya da turmi sun biya musu. Yau rashin tsaro ya tattaro manoma cikin gari sun zauna, babur kuma ya cinye tafiyar masallaci da ta kasuwa. Ka bar babur a zaure in wurin bai wuce unguwa ba, a rage gishiri da dunƙule a miya, kuma duk wanda ya haura shekara talatin ya je a auna masa jini ko da ba ya jin komai, domin hawan jini ba ya sallama.