Alƙalan da Suka Sayar da Yara

In an ce ɓarawo, abin da ke zuwa zuciyar mutum shi ne mai haura katanga da dare, ko mai yankan aljihu a tasha. Amma akwai satar da ake yi da rana tsaka, da takarda da hatimi, a cikin ɗakin da aka gina domin hukunta ɓarayi. Irin wannan ce ta faru a gundumar Luzerne ta Jihar Pennsylvania a ƙasar Amurka.

A shekarar 2002 babban alƙalin gundumar, Michael Conahan, ya sa aka tsayar da kuɗin tafiyar da gidan horon yara na gwamnati, har aka rufe shi. Daga nan aka koma tura yara wasu gidajen horo biyu na 'yan kasuwa, gunduma tana biyan kamfanin kuɗin tsaronsu. Ke nan yawan yaran da aka tsare, yawan ribar masu gidan. Wanda ke yanke wa yaran hukunci kuwa shi ne abokin aikinsa, Mark Ciavarella. Daga baya ta bayyana cewa alƙalan nan biyu sun karɓi kimanin dala miliyan 2.8 daga ɗan kwangilar da ya gina gidajen, Robert Mericle, da kuma wani lauya mai hannun jari a cikinsu, Robert Powell.

Daga 2003 zuwa 2008 dubban yara suka gurfana gaban Ciavarella. Laifin waɗansu bai wuce ɗaukar ɗan ƙaramin kaya a kanti ba, ko shiga kangon gida, ko faɗa a makaranta. Da yawansu ba su da lauya, kuma cikin 'yan mintoci an gama shari'a an sa musu ankwa a gaban iyayensu. A 2007 aka yanke wa wata yarinya 'yar shekara 15 wata uku saboda ta buɗe shafi a intanet tana yi wa mataimakiyar shugaban makarantarsu ba'a. Mahaifiyarta ba ta yi shiru ba. Ta kai kuka wurin wata ƙungiyar lauyoyi masu kare yara, kuma wannan kukan yana cikin abubuwan da suka tona asirin.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A 2009 Kotun Ƙoli ta jihar ta soke hukunce-hukunce kimanin 4,000 na kotun Ciavarella. A 2011 aka ɗaure shi shekara 28, ko da yake ya dage cewa kuɗin da ya karɓa la'ada ce, ba farashin yara ba. Conahan ya amsa laifinsa, aka ba shi shekara 17 da rabi. Masu ba da kuɗin fa? Powell ya sami wata 18, Mericle shekara ɗaya. A 2022 wata kotun tarayya ta umarci alƙalan su biya diyyar fiye da dala miliyan 200, sannan a Disamba 2024 Shugaba Biden ya sassauta wa Conahan ragowar hukuncinsa, abin da ya ɓata wa iyalai da yawa rai.

To, mai karatu, wane ne babban ɓarawo a wannan labari? Yaron da ya ɗauki kaya a kanti ya yi laifi, ba mu wanke shi ba. Amma abin da ya ɗauka ana iya mayarwa. Alƙalin da ya sayar da hukunci ya saci watanni daga rayuwar yaro, ya saci karatunsa da sunansa, ya kuma sace wa talaka wuri guda da yake da shi na kai ƙara. Wannan ba ya biyuwa da diyya. Kamfanin da ya miƙa toshiyar kuma ba zai ce kasuwanci kawai ya yi ba, gama abokin ɓarawo ɓarawo ne. Doka ta takwas cikin Dokoki Goma ba ta ware wanda ya yi sata da sunan kamfani ba. Mu tuna Sarki Ahab bai ɗauki takobi ya ƙwace gonar inabin Nabot ba. Dattawan gari da shaidun zur ne suka yi masa aikin, cikin kamannin shari'a.

Akwai kuma wani abu da ya fi shafarmu. Kwamitin binciken da jihar ta kafa ya ba da rahotonsa a 2010, ya nuna cewa lauyoyin gwamnati, da lauyoyin da ke kare marasa hali, da ma'aikatan kotu suna nan ana wannan aika-aika shekara da shekaru, ba su ɗaga murya ba. Ba a ce sun ci ko kwabo ba. Shirunsu ne ya ba mugunta wurin zama.

A cikin ikilisiyoyinmu akwai akawu, akwai magatakardan kotu, akwai ɗan sanda da ɗan kwangila da ma'aji. Yawancinmu ba za mu taɓa ganin dala miliyan ba, amma takardar ƙarya takan zo teburinmu tana jiran sa hannu. Wanda ya ƙi sa hannu, ko ya faɗi abin da idonsa ya gani, yana iya rasa ƙarin girma, wani lokaci ma har aikinsa. Wajibi ne ikilisiya ta tsaya bayan irin wannan ɗan'uwa, ta kuma daina ba mai dukiyar haram kujerar gaba domin girman baikonsa. Allah ya ba mu ƙarfin hali.