Waƙafi ɗaya tsakanin Yamai da Abuja

A binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙididdiga ta Nijar, INS, ta gudanar a 2012, an rubuta cewa matsakaicin yawan 'ya'yan da mace ke haifa a ƙasar 7,6 ne. Bakano da ya yi boko da Ingilishi sai ya ɗan yi turus a kan wannan waƙafin. Faransanci da waƙafi yake raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, a gurbin da Ingilishi ke sa ɗigo. A nan abin da sauƙi, kowa zai gane 7.6 ake nufi. To amma a ce an rubuta 1,250. A Yamai ɗaya da kwata ke nan. A Abuja kuwa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin.

Duk da haka, waƙafi ƙaramin alhaki ne. Abin da ke kayar da mai fassara shi ne kalmomin da suka yi kama da juna a harsunan biyu, har ya saki jiki bai buɗe ƙamus ba. Kama da wane ba wane ba ne.

Wancan adadi na 7,6, sunansa a Faransanci indice synthétique de fécondité, a Ingilishi kuma total fertility rate. Duba yadda kalmomin suka yi musayar riga. Ga masana yawan jama'a, fécondité ita ce haihuwar da aka yi, aka ƙirga jarirai, fertilité kuma ikon ɗaukar ciki, ko an haihu ko ba a haihu ba. A Ingilishi akasin haka ne: fertility ce haihuwar da aka ƙirga, fecundity ce ikon. Wanda ya bi sautin kalma sai ya mayar da rahoton yawan haihuwa ya koma kamar bayanin likitan mata, jimlarsa kuma ta fita tsaf, babu wanda zai zarge ta.

Haka fréquence take. A aji mai ɗalibai 50, goma suka faɗi jarrabawa. Malami a Maraɗi zai kira goman nan effectif, ya ce fréquence ɗinsu 0,2 ce, wato kashi 20 cikin 100. Takwaransa na Katsina goman yake kira frequency, sai ya ƙara relative a gaba in yana nufin kason. In aka fassara kan jadawali ɗaya ba daidai ba, duk alƙaluman da ke ƙarƙashinsa sun tashi daga aiki.

Na kuɗi ya fi ban tsoro. Biliyan na Ingilishi, miliyan dubu, shi ne milliard a Faransanci, abin da Hausawan Nijar ke cewa miliyar. Billion na Faransanci kuwa miliyan sau miliyan ne, wato tiriliyan. Faransa ta tabbatar da wannan lissafi da doka a 1961, gwamnatin Birtaniya kuma ta koma irin na Amurka a 1974. Kuskure a nan ninki dubu ne, a kasafin kuɗin ƙasa.

Akwai wadda ni ta fi burge ni, ko da yake ba ta cika yin ɓarna ba: loi, wato doka. Faransawa sun gaji al'adar masana lissafi irin su Laplace, suna kiran yadda alƙaluma ke warwatsuwa doka. Loi normale ita ce normal distribution, kuma wanda ya rubuta normal law, masana za su gane shi, amma za su san daga inda ya fito. Sai dai loi des grands nombres, sunan da masanin lissafi Poisson ya raɗa, ta shiga Ingilishi da dokarta. Babu ƙa'idar da za a haddace a nan, sai dai mutum ya san lissafin da ke bayan sunan. Shi ya sa nake ganin wannan aiki na fassara ya fi dacewa da masanin ƙididdiga mai jin harsuna biyu, a kan gwanin harshe da bai taɓa haɗa jadawali ba.

Mu ma abin na zuwa ƙofarmu. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ga shi tun a jimlar farko na ce "matsakaici", kalmar da muke ɗora wa moyenne da médiane duka biyun. A ce 'yan tireda biyar, ribarsu ta yini naira dubu 2, 2, 3, 3 da 90. In aka tara aka raba biyar, dubu 20 ne. In aka jera su aka ɗauki na tsakiya, dubu 3. Mai karanta labarai a rediyo, ko wanne aka miƙa masa, matsakaici zai ce.