GWANJON WAYA A MISAU: LAIFIN MAI SAYE NE KO NA MAI SAYARWA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya zauna a majalisun hira na garin Misau a 'yan kwanakin nan, da wuya ya tashi bai ji an ta da zancen gwanjon waya ba, watau kayan da ake tallarsu ta Facebook ko WhatsApp, a nuna wa mutum hoto, ya aika da kuɗi tun bai ga kayan da idonsa ba.

Abin da ya ta da maganar shi ne labarin wani magidanci, manomi kuma ɗan tireda, wanda ya ga hoton wata ƙaramar mota a wayarsa, an rubuta cewa Hukumar Kwastan ce ta kama ta, za a yi gwanjonta da araha. Mai tallar ya aiko masa da hotonsa sanye da kayan sarki, ya ce a fara biyan kuɗin fom, sa'an nan kuɗin direban da zai kawo motar daga Ikko. Bawan Allah ya sayar da bijimansa biyu na huɗa ya aika. Daga ranar lambar wayar ba ta sake shiga ba, ga damina ta kawo jiki, ba shanu ba mota.

Mutane sun rabu biyu. Waɗansu sun ce laifin duka na macucin ne, gama shi ya shirya ƙarya. Waɗansu kuwa suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin wanda aka yi wa tayin mota a kan kuɗin babur ya kamata ya tsaya ya yi tunani.

Ya kamata mai karatu ya sani gwanjon Kwastan gaskiya ne, akwai shi. A cikin watan Yuli na 2017, zamanin da Kanar Hameed Ali mai ritaya, ɗan asalin Jihar Bauchi, yake shugabancin hukumar, aka buɗe hanyar yin gwanjon ta intanet, domin a rage son kai wajen rabon kayan da aka kama. A watan Janairu na 2024 kuma, a ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, aka sake buɗe ta bayan an yi mata gyara. Mai son shiga sai ya yi rajista a shafin hukumar da lambarsa ta biyan haraji, ya yi tayi tare da sauran masu tayi, wanda ya fi tsoka ya ɗauka. Hukumar ta sha jan kunnen jama'a cewa ba ta gwanjo ta Facebook ko WhatsApp, kuma ba a biyan kuɗinta cikin asusun wani mutum. Saboda haka duk wanda ya ce maka shi jami'i ne, zai keɓe maka mota a gefe, to, ko dai ɗan damfara ne, ko kuwa yana gayyatarka ku karya doka tare.

Akwai kuma wata cutar da ta fi wannan wuyar ganewa, watau inda kayan suna nan, amma ba kamar yadda aka siffanta su ba. Da yawa daga cikin motocin da ake kira Beljiyam a wuraren gwanjo na Amurka ake sayo su, irin su Copart, inda kamfanonin inshora suke sayar da motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci. A can ba a ɓoye tarihinsu. Amma in sun iso Kwatano ko Apapa aka yi musu bugu da fenti, sai wani dila ya ɗauki hoton gefen da ke ƙyalli, ya rubuta cewa ba abin da ya taɓa samunta. Alhali kuwa kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, wadda da ita ake iya binciko tarihinta.

Misau gari ne na malamai tun zamanin Gwani Muktar da ɗansa Mamman Manga, kuma wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a littattafan da ake karantawa a zaurukanta. A mazhabar Malikiyya an yarda a sayar da abin da ba ya nan a bisa siffa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Amma in kaya suka zo saɓanin siffar, mai saye yana da ikon mayarwa. Haka nan wanda ya san aibi a jikin hajarsa wajibi ne ya bayyana shi. An kuma hana abin da malamai ke kira najashi, watau mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, akwai dokar hana damfara ta 2006, da dokar laifuffukan intanet ta 2015, ga kuma hukumar EFCC.

Dubi yadda ake ciniki a karar shanu ta Azare ko ta Potiskum. Mai saye yakan duba haƙori, ya sa a zaga da dabba ya ga tafiyarta, ga dillali wanda aka san gidansa, in magana ta taso a je gaban sarkin kara. Dillalin yana cin la'ada, amma mutuncinsa ne jingina. A gwanjon waya kuwa ba dillali, ba shaida, ba gidan da za a je, sai lambar da za a iya kashewa cikin dare ɗaya. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

To, laifin wa? A ganin wakilinku nauyin ba ɗaya ba ne. Mai sayarwa da ya yi ƙarya ko ya ɓoye aibi shi ne mai laifi a gaban shari'a da gaban Allah, kuma wautar mai saye ba ta halatta masa ko kwabo. Mai saye kuwa abin da ke kansa sakaci ne da kwaɗayi, ya kuwa riga ya biya tararsu da dukiyarsa. Bai kamata a ƙara masa da dariya ba, domin kunyar dariyar ce take hana mutane kai ƙara, macuci kuma ya sami damar cutar na gaba.

Shawara ga jama'a ita ce, kada a aika da kuɗi sai an gani. Wanda ba zai iya zuwa Ikko ba yana da 'yan'uwa a Agege ko Idi Araba, ya roƙi ɗaya ya ɗauki makanike su je su duba. In mai kaya ya ƙi a zo a gani, ya kama cewa a yi sauri wani zai riga ka, to, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Allah ya kiyashe mu da sharrin macuta, amin.