HAYA KO MALLAKA? WASAN GEM DA ALJIHUN MAIGIDA

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani dattijon ikkilisiyarmu a nan Zakirai ya ja ni gefe ƙarƙashin darbejiya. Ya ce, "Malam, ka raba mini gardama. 'Ya'yana biyu sun hana ni sakat. Babban ya ce in sayar da rago in sayo masu injin gem daga Sabon Gari. Ƙaramin ya ce sayen inji tsohon yayi ne, wai yanzu daga cikin girgije ake yin wasan, waya da data kaɗai ake bukata. To, ni girgijen da na sani shi ne mai kawo ruwa."

Na yi dariya, amma da na duba fuskarsa sai na ga maganar ta fi ƙarfin dariya. Ragon nan shi ne ajiyar gidan. Da shi za a sayi taki in damina ta faɗi, da shi za a biya kuɗin makaranta. Na ce, "Baba, ba ni mako guda." Abin da na samo, shi ne nake so in shimfiɗa wa iyaye masu karanta wannan mujalla.

MENE NE WASA DAGA GIRGIJE?

Babu wani girgije. Akwai dai manyan kwamfutoci jibge a wani gini mai nisa, yawancinsu a Turai da Amurka da Asiya. Can ake gudanar da wasan. Sa'ad da yaro ya danna wayarsa a Zakirai, saƙon ya bi intanet ya je can, kwamfutar ta yi aikin, sa'an nan ta aiko masa da hoton abin da ya faru. Yaron bai mallaki inji ba. Haya yake yi, yawanci yana biya wata wata.

Manomi ya san wannan sarai. Wani yana da shanun huɗa nasa na kansa, yana ciyar da su rani da damina. Wani kuwa haya yake ɗauka ranar da yake bukata. Mai haya ba ya neman harawa, amma ranar da kowa ke son huɗa sai ya jira, in kuwa mai shanu ya sayar da shanunsa, shi ke nan.

Haka ya faru ga masu hayar wasa. Kamfanin Google, duk da girmansa, ya buɗe irin wannan haya a watan Nuwamba 2019, ya sa mata suna Stadia. A watan Janairu 2023 ya rufe ta. Ya mayar wa mutane kuɗin wasannin da suka saya, amma wasan ya tafi. Kafin wannan, wani kamfani mai suna OnLive ya fara a 2010, ya rufe a 2015. Akwai waɗanda suka rage, kamar na Nvidia da na Microsoft, mutane kuma suna morar su a ƙasashen da intanet ke da sauri da araha.

A NAN GIDA FA?

Abu biyu ne suka tsaya a hanya. Na fari, data. Google da kansa ya nuna cewa sa'a guda ta wasa a Stadia, da hoto mafi ƙanƙanta, tana iya cin gigabait 4.5. Mu yi lissafi irin na aji. Yaro ya yi sa'a ɗaya kowace rana, kwana 30, ya zama gigabait 135 a wata. Maigida ya tambayi mai sayar da kati nawa ne kuɗin wannan. Ya kuma tuna cewa a watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Wannan duka ban da kuɗin hayar, wanda da kuɗin ƙasar waje ake ƙayyade shi.

Na biyu, jinkiri. Yaranmu sun fi son wasan ƙwallon ƙafa, wanda har yanzu suke kira FIFA ko da yake tun 2023 sunansa ya koma EA Sports FC. A wasan ƙwallo, in ka danna, dole ɗan wasa ya buga nan take. Idan saƙo sai ya ƙetare hamada ko teku ya dawo, kafin ƙafa ta ɗaga an ƙwace ƙwallon. Gaskiya ne MTN ya kawo sabis mai sauri na 5G a 2022, birnin Kano ma yana cikin biranen farko. Amma birni daban, ƙauye daban. Inda mutum yakan fita ƙofar gida yana ɗaga waya domin ya ji muryar ɗan'uwansa, can ba wurin wasa daga girgije ba ne.

TO, SAI A SAYI INJI?

Kada mu yi gaggawa. Inji yana da nasa ciki. PlayStation 2 ya fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 150, har yau kuwa akwai tsofaffi masu aiki, gama faifai ba ya bukatar intanet. Wannan ita ce albarkar mallaka: ka biya sau ɗaya, abin yana hannunka, in bukata ta taso ka sayar. Amma inji yana son talabijin, yana son wuta. Wutar lantarki ba kullum ba, janareta kuwa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 ya zama mai tsadar ciyarwa. Ƙurar hunturu tana toshe shi, wuta mai ƙarfi in ta zo ba zato tana ƙone shi. Sababbin injuna kamar PlayStation 5, wanda ya fito a 2020, kuɗinsu yana bin dala.

A kula kuma, ba kowane wasa da aka saya ne aka mallaka ba. A 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin wani wasan tseren mota mai suna The Crew, har waɗanda suke riƙe da faifansa a hannu suka kasa yinsa. Mai saye ya tambaya tukuna: wannan yana aiki ba tare da intanet ba?

Akwai hanya ta uku wadda yaranmu suka riga mu sani, watau gidan gem, inda ake biya a buga wasa ɗaya. Ita ma haya ce, mai sauƙin kuɗi. Damuwata a matsayin malami ita ce, can babu idon uwa ko uba. Na taɓa samun ɗalibi yana gyangyaɗi a aji, da na bincika ashe kuɗin karin kumallonsa can suke tafiya. Wani lokaci kuma wasa yakan juye ya zama caca.

A ZAUNA A YI LISSAFI

A cikin Luka 14:28 Ubangijinmu ya yi misali da mai niyyar gini, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙididdige abin da zai kashe. Manzo Bulus kuma, a 1 Korantiyawa 6:12, ya gargaɗe mu kada mu bar wani abu ya mallake mu, ko da halal ne. Wasa ba zunubi ba ne. Mu ma mun yi langa da dara a dandali. Amma langa ba ta taɓa cin rago ba.

Da mako ya kewayo na koma wurin dattijon. Na ce, "Baba, girgije bai iso mu ba tukuna, kada ka zuba kuɗinka a data. Ragon kuma ka bar shi. In yaran suna so da gaske, su yi ƙwadago a hutun kaka, su haɗa hannu da 'ya'yan ƙanenka, su sayi tsohon inji mai faifai. A ajiye shi a zaure inda kowa ke gani. A sa masa lokaci: bayan aikin gona da na makaranta, ban da lokacin sujada da addu'ar iyali."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Abin da mutum ya yi wa gumi, shi yake tattali."

Ya ku iyaye, ko haya ko mallaka, kuɗi kan dawo. Sa'o'in ƙuruciyar 'ya'yanmu ne ba su dawowa, su ne kuwa amanar da Allah zai tambaye mu. Bari ya ba mu hikima.