Sudan: Izinin da ake buƙata kafin faɗaɗa gonar kumbar lu'ulu'u a Bahar Maliya

Tun bayan da yaƙi ya kai Wad Madani a watan Disamban 2023, iyalai da dama daga ƙauyukan Jazira, ciki har da Hausawan da kakanninsu suka yi noman auduga a can da yankin Managil, sun gangara Port Sudan neman mafaka da abin yi. Ga wanda ya saba da garma da ruwan kwarmi, akwai wani noman da ake yi a cikin teku: kiwon kumbar lu'ulu'u, wadda Larabawan Sudan ke kira sadaf. Sai dai kafin a kafa irin wannan gona ko a ƙara mata faɗi, akwai hukumomin da dole a bi ta hannunsu.

Yadda sana'ar take

Cibiyarta ita ce mashigin Dungunab, kimanin kilomita 125 arewa da Port Sudan, da ƙauyen Muhammad Qol da ke kusa. Wani masanin halittun ruwa ɗan Ingila, Cyril Crossland, shi ya fara gwajin kiwon a can a farkon ƙarni na 20, ya zauna har zuwa 1922. Akan rataya tarkuna a ruwa lokacin zafi, 'ya'yan kumbar su manne a jiki, sannan a mayar da su cikin akwatunan raga su yi shekaru suna girma. Ba a ba su abinci, domin ƙananan halittun da ke cikin ruwa suke tacewa. Kuɗin yana cikin ɓawon mai ƙyalli da ake yin maɓalli da kayan ado da shi. Haɗarin kuma ba ƙarami ba ne: a ƙarshen shekarun 1960 da farkon na 1970 kumbar ta mutu da yawa a Dungunab, sana'ar ta durƙushe.

Hukumomin da ke da ta cewa

Na farko, hukumar kamun kifi ta jihar Bahar Maliya. Tushen aikinta dokar kamun kifin teku ta 1937 ce, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya, kuma ta haɗa da kumba. Lasisin ƙaramar gona bai isa hujjar mamaye sabon wuri ba.

Na biyu, muhalli. Dokar kare muhalli ta 2001 ta wajabta nazarin illar duk wani aiki da ka iya taɓa muhalli kafin a fara shi, ƙarƙashin kulawar Majalisar Ƙoli ta Muhalli da Albarkatun Ƙasa. A nan za a duba ko turaku da igiyoyi za su lalata murjani ko ciyawar ƙasan teku.

Na uku, gandun. An ayyana Dungunab da tsibirin Mukkawar a matsayin gandun ƙasa a 2004, sannan UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2016 tare da Sanganeb. Akwai kunkurun teku a wurin, da wata dabba 'yar'uwar ayu da ake kira dugong. Don haka hukumar kare namun daji ma sai ta amince.

Na huɗu, ƙasa. Gona tana buƙatar fili a gaɓa don rumfa, kwale-kwale da shanya ɓawo. Dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista mallakar gwamnati, amma a aikace ƙabilun Beja ne ke riƙe da gaɓar bisa al'ada. Takardar ofis ba tare da yardar shugabanninsu ba tana iya zama mafarin rigima. Hausawan Sudan sun san nauyin wannan magana, domin rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022, wanda ya ci rayuka masu yawa, ya samo asali ne daga batun ƙasa da sarauta.

Darasi daga yammacin Afirka

A Gambiya, ƙungiyar mata masu tsintar kumba ta TRY ta samu a 2012 haƙƙin tsintar kumba a dausayin Tanbi ita kaɗai, bisa yarjejeniya da gwamnati. Matan suka amince da rufe wurin na wasu watanni a kowace shekara don kumbar ta hayayyafa. Abin da ya ba su ƙarfi shi ne shiga a ƙungiyance da rubuta sharuɗɗa.

Ga baƙon da ke son sa jarinsa a Dungunab, hanya mafi aminci ita ce ya haɗa gwiwa da 'yan gari, ya fara zama da shugabannin yankin, ya karɓi kowane izini a rubuce, sannan ya sayi raga da igiya. Kumbar tana ɗaukar shekaru kafin ta kai kasuwa, kuma gonar da aka rufe saboda rashin takarda asarar dukkan waɗannan shekaru ce.