Cuta ma tana bin hanya

Garin Blitta yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode har Dapaong. Motoci suna ɗauko kaya da mutane, cuta ma tana biyo su. A watan Maris na 2020 korona ta shigo Togo. Aka rufe makarantu, aka hana shiga da fita Sokode.

Korona ta lafa, amma wata annoba tana iya zuwa. Maras lafiya in ba shi da kuɗi, sai ya kwanta gida, iyalinsa su kamu tun likita bai sani ba. A Janairun 2024 Togo ta buɗe asusun lafiya, aka fara da ma'aikata. Mutum yana zuba kuɗi kowane wata. Ran da ya je asibiti, asusun ya biya yawancin kuɗin magani.